Makon da Aka Auna Tukunyar Gidana

Ina farawa da sunan Allah, wanda Ya san abin da ke cikin tukunya tun ba a buɗe ta ba. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Wannan labari na daɗe da rubuta shi da ajami a bayan wani tsohon littafin fiƙihu, na rufe na ajiye. Yanzu da idona ya fara rauni na ga gara in fito da shi, ko wani ya amfana.

A lokacin, 'yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai, Gyadi-Gyadi ba ta cika ba. Gidajen ƙasa ne jefi-jefi a gefen hanyar Zariya, bayansu kuwa gonaki ne har Tarauni. Ina da gona ɗaya ta gado. Da damina in yi noma, da rani in zauna a zaure ina kwafar littattafai ga masu buƙata. Mutane suna ce mini Malam, ni kuma ina jin daɗin kiran fiye da yadda ya kamata. A gidan mu uku ne: ni, da mai ɗakina, da 'yarmu ta fari wadda ba ta cika shekara biyu ba. Mahaifiyata, Inna, tana zaune a gidanmu na Tarauni.

Daminar da ta wuce ba ta yi kyau ba. Kafin bazara ta kai tsakiya rumbuna ya yi ƙasa, har sai mutum ya shiga ciki ya durƙusa kafin ya ɗebo dawa. Da safe koko muke sha, ba sukari, ba ƙosai. Da rana sai abin da Allah Ya kawo, sau da yawa kuwa babu. Da yamma tuwon dawa da miyar kuka, daddawa kaɗan, ba mai. Abin da ya rage mana na dukiya shi ne kaji uku da zakara ɗaya, sai tulu guda na gyaɗa da na liƙe bakinsa da laka, irin da zan shuka in ruwa ya sauka.

Ana cikin haka mai ɗakina ta sami ciki tana goyo. A wajenmu an ɗauka nonon mai ciki guba ne ga yaro, saboda haka aka yaye yarinyar tun lokacinta bai yi ba. Ni da kaina na yi mata rubutun yaye, na wanke allon na ba ta. Daga nan abincinta ya koma koko, safe da rana da yamma. Bayan wata biyu ƙafafunta suka fara kumbura. In ka danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya daɗe bai dawo ba. Gashinta ya yi ja, ya yi laushi kamar gashin masara, fatar cinyoyinta tana salewa. Ba ta yawan kuka. Za ta zauna inda aka ajiye ta, ta zuba wa bango ido. Wasu suka ce tamowa ce, wasu suka ce ta riga ta sha nonon ciki. Na yi rubutu, an yi jiƙo, an yi turare. Uwarta kuwa, da yake 'yar fari ce, kunya ba ta barinta ta ko kira sunanta, balle ta nuna damuwa a gaban mutane.

Wata rana bayan la'asar mai unguwa ya tsayar da mu a ƙofar masallaci. Tare da shi akwai wani mutum siriri mai tabarau, ya jingine kekensa da bango. Mutumin kudu ne, Kirista, yana zaune a Sabon Gari, Hausarsa kuma ta fita. Tun daga ranar muke ce masa Likita, ko da yake ya yi ta musun sunan.

Ya ce, "Malamai, ni ba na yin allura. Karatu nake yi. Malamaina da ke ƙasar Turawa sun ce ba za su ba ni babbar takardar da ake ce wa mutum dakta ba sai na rubuta littafi a kan abin da yaran ƙasarmu suke ci, da abin da yake kashe su bayan yaye. Matata ma'aikaciyar asibiti ce. Za ta shiga gidajenku kwana bakwai da sikeli, ta auna duk abin da za a zuba a tukunya."

Wani tsoho majemi ya ce, "To, in an auna tuwon, da shi za ku tafi ko za ku bar mana?"

Aka yi dariya. Wani daga baya ya ce, "Ko dai harajin tuwo aka fito da shi?"

Likita ma ya yi dariya, sannan ya ɗaga hannu. "Babu haraji, babu ruwan hukuma. Abu ɗaya nake roƙo, don Allah. Kada a sake komai. Abin da kuka saba ci, shi za ku ci."

Muka ce to. Gidana yana cikin waɗanda aka zaɓa.

Kwana biyu kafin a fara, Inna ta iso daga Tarauni da hantsi, ta ratso gonaki da ƙafa, da wata jar kazarta a hammata. Ko ruwa ba ta sha ba ta kira ni ɗaki.

"Na ji an ce wata za ta shigo ta leƙa tukunyarku."

Na ce, "Haka ne, Inna."

"Ta rubuta a takarda."

"Haka suka ce."

"A kai ƙasar Turawa, a karanta, a ce ga gidan wani malami a Kano, miyarsa ba ta da mai. Ubanka ya yi shekara arba'in da ni, ko maƙwabcinmu na jikin katanga bai taɓa sanin ranar da muka kwana ba mu ɗora tukunya ba. Kai kuma naka asirin har ƙetare?"

Na ce, "Mutumin ya ce kada a sake komai."

"Ya faɗa. Kai baƙo ya taɓa shigowa gidanka ka ba shi abin da ka saba ci?"

Ba zan ɗora wa Inna laifin ba, Allah Ya jiƙanta. Abin da ta faɗa tun a ƙofar masallaci yake cikin raina, ita dai ta fito da shi fili ne. Da ta ce a yi kaza, ni na ce a fasa tulun gyaɗa a yi mai. Ta waiwaya ta dubi yarinyar da ke zaune a kan tabarma, ta ce, "Wannan kuma ba za a bar baƙi su gan ta a haka ba. Bakin mutane ba shi da kyau. Zan tafi da ita, in sun tambaya a ce tana wajen kakarta yaye." Mai ɗakina tana bakin murhu, ba ta ɗago kai ba. Ita ta ɗaura wa Inna yarinyar a baya.

Matar Likita ta zo ranar Asabar da sassafe, da farar riga da sikeli a cikin jaka. Mace ce mai fara'a, a Sabon Gari aka haife ta. Ina zaure ina jin muryarta a cikin gida. Ta auna gari, ta auna kuka, ta auna man gyaɗa, ta auna naman kaza kafin a zuba. Sau uku take zuwa a yini. Na ji tana cewa, "Kai, uwar gida, wannan ƙamshi zai hana ni zuwa sauran gidajen!" Aka zuba mata, ta ce aikin ya hana ta ci a gidan da take awo. Ta tambayi yara nawa ne. Mai ɗakina ta ce ɗaya ce, tana Tarauni wajen kakarta.

"Lafiyarta ƙalau?"

Ni na amsa daga zaure, da ƙarfi, na ce, "Lafiya lau, alhamdu lillahi."

A kwana bakwai ɗin nan mun yanka kaza huɗu da zakara. Mun ci tuwo da miyar taushe, mun ci ƙuliƙuli, mun sha kunun gyaɗa. Ni ake fara zuba wa, cinya da ƙirji, a kawo mini zaure. Nakan ɗage asabarin ƙofa don mai wucewa ya gani, in ce bismilla. Ba kuma ni kaɗai ba ne. Unguwar nan da ta yi wata uku ba a ji ƙaurin suya ba, a makon nan ko ta ina ƙamshi ne. Muna haɗuwa a masallaci da maiƙo a leɓe, ba mai duban idon wani. Gidan da bai sake komai ba shi ne na wani ɗan garuwa da ke bayanmu, da na wasu biyu ko uku irinsa, don ba su da ko kazar da za su yanka.

Duk naman nan da man nan, ko ɗigo bai shiga bakin 'yata ba. Tana Tarauni tana shan koko.

Ranar da aka gama matar ta yi mana godiya, ta ce gidanmu yana cikin na kirki. Na ji daɗi. Wallahi na ji daɗi, har na je Tarauni na gaya wa Inna. Na dawo da yarinyar a kafaɗata. Na ji ta ƙara nauyi, na ce a raina ta yi ƙiba. Da na sauke ta na ga kumburin ne ya hau har fuska, idanunta sun ƙanƙance.

Muka koma koko da kuka. Yanzu kuma babu kaza, babu ƙwan da ake kai wa maƙwabta a musanya da daddawa, babu gyaɗa. Da ruwan shuka ya sauka, gefen gonar da nake zuba gyaɗa haka na bar shi ciyawa ta cinye.

Bayan kamar mako biyu sai muka ga Likita da matarsa sun kafa tebur a gindin wata tsamiya da ke tsakanin Gyadi-Gyadi da Tarauni. Duk safiya mata suna zuwa da yara, ana ɗora su a sikeli, ana ba su garin madara a gwangwani, ana nuna musu yadda za su dama shi da kunu. Amma ba kowa ake ba ba. Akwai takarda, sai gidan da ke cikinta. Gidan ɗan garuwa yana ciki. Nawa ba ya ciki.

Ɗan garuwan nan yana da ɗa sa'an 'yata, ciwonsu kuma iri ɗaya. A kan idona yaron ya saɓe, kumburin ya sauka, ya fara rarrafe yana bin uwarsa har ƙofar gida. Wata rana uban ya kawo mana ruwa, ya tsaya a zaure yana goge gumi.

"Malam, ku kam Allah Ya rufa muku asiri, ba ku buƙata. Mu da aka ga tsiyarmu, ga shi tsiyar ta yi rana."

Na ce, "Allah Ya ƙara sauƙi." Ya ce amin ya ɗauki garwarsa.

Na san abin da ya kamata in yi. Tsakanin gidana da tsamiyar nan bai kai tafiyar da mutum zai karanta Yasin ba. Sau biyu ina zuwa. Na farko na tarar da mata cike, matan maƙwabtana, na yi sallama daga nesa na wuce kamar Tarauni za ni. Na biyu Likita ya gan ni, ya taso da fara'a.

"Malam mai miyar taushe! Matata har yanzu tana zancen gidanka. Ina iyali?"

Na ce, "Lafiya lau." Na gaishe shi da aiki na juyo.

Kwana goma na yi ina wannan kai-kawo. Ina ƙara rubutu, ina ƙara addu'a, ina gaya wa kaina cewa waraka ta Allah ce, ba ta gwangwani ba. Maganar gaskiya ce, amma ni ɓuya nake yi a bayanta, kuma na sani.

A rana ta goma sha ɗaya, na dawo daga sallar asuba, sai na tarar da mai ɗakina a zaure. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa tsayawa a zaure ba. Ta lulluɓa, yarinyar tana bayanta, cikinta kuma ya fito.

"Malam, zan je gindin tsamiya."

Na ce, "Da izinin wa?"

"Shi nake nema. In ka ba ni, in tafi. In ka hana, ka karɓe ta ka riƙe, don ni ba zan iya ƙara kallonta ba." Sai ta kira sunan yarinyar. Tun ranar suna ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ta ce, "Jiya ko kokon ba ta haɗiya ba."

Na kwance yarinyar daga bayanta na saɓa a kafaɗa. Na ce ta koma ciki, ni zan je.

Na isa mata sun fara taruwa. Ban tsaya gefe ba, na ratsa su har gaban tebur na kwantar da ita. Matar Likita ta yaye zanen, ta dubi ƙafafun, ta dube ni.

"Wannan ce ta Tarauni? Wadda ka ce lafiya lau?"

Na ce, "Ita ce."

Likita ya buɗe littafinsa yana neman shafin gidana. "Amma Malam, gidanka akwai nama kullum. Akwai mai, akwai gyaɗa. Ga shi nan a rubuce."

Na ce, "Likita, kajin nan su ke nan gare ni, na yanka su don matarka. Gyaɗar kuma irin shuka ce. Kafin ku zo mun yi wata uku ba mu ga mai ba. Yarinyar kuma ɓoye ta muka yi."

Ya cire tabaraunsa ya riƙe a hannu.

"Na roƙe ku. A ƙofar masallaci na roƙe ku."

"Ka roƙa."

"Gida nawa suka yi haka?"

Na ce, "Duk mai kaza."

Ya zauna a kan akwatin gwangwanaye. Ya daɗe yana kallon littafin nan da ya cika da aikin watanni. Can ya ce, ba da faɗa ba, kamar mai magana da kansa, "Madarar kaɗan ce, ba za ta ishi kowa ba. Shi ya sa ban faɗa muku akwai ta ba. Na ji tsoron in na faɗa, kowa zai ɓoye abincinsa ya ce ba shi da komai. Ban taɓa zaton mutum zai ɓoye yunwarsa ba."

Matarsa ta ce, "Ku bar zancen littafi. A ba ni ruwan zafi."

Ta dama madarar ta yi ruwa-ruwa, ta riƙa ɗiga mata da ƙaramin cokali. Yarinyar ta haɗiyi kaɗan. Aka ba ni gwangwani biyu. Matar ta biyo ni har gida, ta zauna da mai ɗakina ta nuna mata yadda za ta yi, kaɗan-kaɗan, ba a cika mata ciki. A zaure da za ta fita na tambaye ta ko yarinyar za ta tashi. Ta ce, "Malam, da makon da na zo awo na gan ta, da na ce maka kada ka damu. Yanzu sai dai mu yi, Allah Ya yi nasa."

Kullum tana zuwa, safe da yamma. A rana ta uku zawo ya kama yarinyar, duk abin da aka ba ta sai ya fita. Aka ce a kai ta asibiti cikin gari in gari ya waye. Ba ta kai ba. A rana ta huɗu, rana ta ɗan ɗaga, uwarta tana shirin goya ta, Allah Ya karɓi abarsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Gawar yaro ba ta buƙatar makara. A hannu na ɗauke ta cikin 'yar tabarma. Ɗan garuwa ne ya haƙa kabarin. Inna ta zo daga Tarauni ta zauna a kusurwar ɗaki har kwana uku. Masu ta'aziyya suna cewa kwana ne ya ƙare. Haka ne, ban taɓa shakkar haka ba. Amma na karanta a littattafan da nake kwafa da hannuna cewa za a tambayi kowane makiyayi game da abin da aka ba shi kiwo, kuma ban ga inda aka cire mai jin kunya ba.

Bayan sadakar bakwai na ɗauki takarda da tawada na zauna a zaure. Na kira mai ɗakina ta tsaya a bayan ƙofa, ina tambayarta tana faɗa mini. Muka rubuta abin da gidanmu ya ci a mako ɗaya na gaskiya, wani mako kafin zuwan sikeli. Ba mu da awo, sai na rubuta da ludayi da ƙwarya da tafin hannu. Na bi gidajen maƙwabta da na san sun yi irin abin da na yi. Wasu suka ce in bar tone-tone. Mutum huɗu suka yarda, na rubuta nasu. Ɗaya daga cikinsu, tsohon majemin nan mai ba'a, da na gama rubuta nasa ya shiga gida ya fito da jikarsa a hannu, ƙafafunta a kumbure, ya ce in za ni gindin tsamiya mu tafi tare.

Muka tafi. Matar Likita ta karɓi jikar ta ɗora a sikeli. Ni kuma na miƙa wa mijinta takardun. Ya jujjuya su, ya ce ba ya karanta ajami. Ya jawo mini akwati na zauna, ya buɗe littafinsa, ya ja layi a kan shafin gidana tun daga sama har ƙasa, ya buɗe sabo.

Na fara karantawa a gaban matan unguwa. "Asabar. Safe, koko, ludayi uku na gasara, ba sukari. Rana, babu. Yamma, tuwon dawa da miyar kuka, ba mai. Lahadi. Safe, koko."

Ya tsayar da alƙalaminsa. "Yarinyar fa? Me ta ci ranar Asabar?"

Na ce, "Koko."

"Da yamma?"

"Koko."

Ya rubuta. Muka ci gaba har Juma'a.

Ban san ko malamansa sun ba shi takardar da yake nema ba, don kafin kaka sun tashi daga gindin tsamiyar, ban ƙara ganinsu ba. Jikar majemi ta rayu, har na ga 'ya'yanta. Allah Ya jiƙan wadda ta riga mu, Ya sa ta cece mu, Ya yafe mini kwana goman nan.